Ƙanƙara ko Firji? Gardamar Sanyi a Bakin Tashar Kawo

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin Kaduna kan haura digiri 35 da rana, wani lokaci ya doshi 40. Wannan a inuwa ke nan. Cikin but ɗin motar da ke tsaye a rana a tashar Kawo tana jiran cikar fasinja, ko bayan a-kori-kurar da ke layin lodi a Mando, zafin kan wuce digiri 50 tun kafin azahar. Duk wanda ya taɓa ɗauko kindirmo daga Kaduna zai kai Kano a irin wannan lokaci ya san abin da yake tararwa idan ya buɗe roba a Kwanar Dangora: murfi ya kumbura, ruwa ya ware gefe guda, tsami ya doki hanci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da shata iyaka. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a cikin abinci, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a fili ba. Awa biyu kuwa, wani lokaci motar haya ba ta ma cika ba.

A Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu akwai masu yawon buɗe ido da ɗakin kwana da ake ja da mota, da gado da murhu da firji a ciki, kuma duk bazara sai sun yi ta musun yadda za a hana firjin gazawa. Ba a saba ganin irin wannan ɗaki a titin Ali Akilu ba. Amma damuwar ɗaya ce, kuma a nan ta fi tsanani, domin ba ta shaƙatawa ba ce. Ta mai kunun aya da zoɓo ce da za ta ci kasuwar ƙauye, da mai abincin biki da aka kira Zariya, da mai saro katan-katan na kifin ƙanƙara zai kai Saminaka, da dattijo mai ciwon suga da allurarsa a jaka, da ma'aikaciyar rigakafi a bayan babur. Yanzu da ƙananan firji masu aiki da batirin mota da faifan sola suka fara shigowa shaguna, mutanen nan sun rabu gida biyu. Wasu na ganin zamanin akwatin kula da ƙanƙara ya wuce. Wasu na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Masu ƙanƙara suna da hujjar da kimiyya ta tsaya musu a kai. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya narke, sai ya shanye zafin da zai iya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Muddin kuma akwai sauran dunƙule a cikin akwatin, ruwan da ke kewaye da shi yana nan dab da sifili, ko da rana tana dukan murfi. Babu waya, babu fis, babu injin da zai ƙone. Ramin hanya bai dame ta ba, ƙura ba ta toshe ta, ɓarawo ba ya kallonta.

Tarihi ma yana bayansu. A 1833 wani ɗan kasuwar Boston, Frederic Tudor, ya loda tan 180 na ƙanƙarar da aka sassaro daga daskararrun tafkuna, aka lulluɓe ta a cikin jirgin ruwa, aka nufi Kalkata ta Indiya. Wata huɗu jirgin ya yi a teku, ya isa da kusan tan 100. Rufi mai kauri da yawan ƙanƙarar ne suka yi aikin. Ba sai an je Indiya ba ma: ɗigon rigakafin shan inna da ya kai Najeriya ga samun shaidar rabuwa da cutar a watan Agustan 2020, ba a cikin firjin mota ya shiga lungunan Rigasa da rugagen Igabi ba. A ƙaramin akwati mai madauri ya shiga, da robobin ƙanƙara jere a bangonsa, rataye a kafaɗar mata masu hijabi. Manyan akwatunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su ana gwada su ne a zafin digiri 43, kuma na dogon zango kan riƙe sanyi kwana huɗu idan ba a buɗe ba.

Sai dai sayen ƙanƙarar ma ilimi ne. A gefen hanya a Kawo ko Unguwar Dosa, mai sayarwa kan jera ta cikin matacciyar firiza, ya rufe da buhu da tsohon bargo. Zai ce, "Hajiya, wannan tun shekaranjiya take cikin inji." Hajiyar da ta san kan abin ba ta musu. Ɗaga ledar take yi ta kai kunne ta girgiza. Idan ta ji motsin ruwa a ciki, ƙanƙarar ba ta kama har zuciya ba, ɓawo ne kawai, kafin Jaji ta zama ruwa. Wadda ta yi nauyi, ta yi tauri, ba ta ce uffan ba, ita ake ɗauka.

Daga nan sai shiri. Tun dare ake wanke kula a zuba mata 'yar ƙanƙara ta kwana da ita, domin kular da ta wuni a rana ita ce ke fara cinye rabin sanyin. Kayan da za a ɗauka su ma su kwana a firiza; zoɓon da bai huce ba idan ya shiga, an yi asarar kuɗin ƙanƙara. Babban dunƙule ya fi farfasasshiya jimawa. A sa a ƙasa, a sa a sama, tunda iska mai sanyi gangarawa take yi, a cusa tawul ko kwali a duk inda ya rage fili. Kada a yarda kwandasta ya tura ta can ƙasan but a saitin salansa, ko ya ɗaure ta a saman mota ba tamfol. Masu wayo kan ware ƙaramar kula ta ruwan sha, wadda yara za su yi ta buɗewa, babbar kuwa a ɗaure ta sai an isa. Wanda ya yi haka, Zariya mai nisan kilomita kusan 80 ba komai ba ce, Kano mai kusan 230 ma zai isa da sauran ƙanƙararsa.

Duk wannan jarinsa bai taka kara ya karya ba, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce ga matar da ribarta ta rana ita ce cefanen gida.

Masu firji ba su ƙaryata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambaya suke yi: ita ƙanƙarar daga ina take zuwa? Daga wutar lantarki, ko daga janareto. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin wuta na Shiroro zuwa Mando, sannan layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, mafi yawan jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda a duhu. Kaduna, wadda babbar tashar rarraba wutar ke cikinta, ba ta tsira ba. Firizoji suka narke, ƙanƙara ta yi wuyar samu, wadda aka samu kuma kuɗinta ya tashi. A irin wannan mako mai faifan sola a rufin motarsa shi ne mai dariya. Ko babu irin wannan masifa, lissafin ya riga ya canza: an janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit. Mai injin ƙanƙara ba zai haɗiye wannan shi kaɗai ba. Ga kuma azumi, idan ya faɗo cikin tsakiyar zafi. Daga la'asar layi ake yi, kuma matafiyi yana takara ne da kowane gida mai son ruwan sanyi a buɗa-baki.

Hujjarsu ta biyu ita ce hanya. Ƙanƙara da awa take aiki, hanyoyinmu kuwa ba su san alkawari ba. Aikin titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2018 ya ɗauki shekaru, kuma an sha ganin ranar da tirela ɗaya ta faɗi ta tare hanya, tafiyar awa uku ta koma wuni. A watan Yunin 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, manyan motocin da ke tsakanin Arewa da Legas suka yi cirko-cirko. Wanda ya auno ƙanƙarar awa goma, hanya ta riƙe shi awa talatin, ba shi da wurin kai ƙara. Firji kuwa, muddin akwai wuta a batir, bai san an tsaya ba. Wannan ce matsalar da Frederick McKinley Jones, baƙar fatar Amurka da ya koyi kanikanci da kansa, ya warware a ƙarshen shekarun 1930 da injin sanyaya da ake ɗaurawa a babbar mota, wanda kamfanin Thermo King ya ginu a kansa. Jikokin wannan inji ne ke kawo kifin teku daga Legas har ɗakunan sanyi na Kaduna.

Akwai kuma abin da ƙanƙara ba za ta taɓa iyawa ba, kuma masu ita ba su cika son a taɓo shi ba. Iyakarta sifili. Daskararren kifi da kaza da askirim suna son digiri 18 ƙasa da sifili. A cikin kula narkewa suke yi a hankali, ƙanƙarar jinkirta abin kawai take yi. Katan ɗin da ya saki a hanya aka sake daskarar da shi a shago, mai saye ba zai gane ba sai a tukunya, wani lokaci sai a gadon asibiti. Ga nauyi: masana harkar kifi kan ba da shawarar kilo ɗaya na ƙanƙara ga kowane kilo na ɗanyen kifi a ƙasashe masu zafi, wato rabin abin da aka biya wa kuɗin mota ruwa ne. Ga ruwan narkewar da ke cakuɗuwa da jinin nama ya jiƙa bakin robar kunu. Kuma ba kowa ya san da wane ruwa aka ƙulla ledar ba.

Har nan masu firji sun yi rinjaye. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ƙaramin firji mai kwamfireso, irin mai cin lita 40 zuwa 60, yana jan wajen wat 45 idan injinsa na juyawa. A wuri mai sanyi yakan yi aiki ya huta. A cikin motar da ta ɗauki zafin Afrilu kusan ba ya hutawa, abin da zai ci a wuni da kwana sai ya doshi yunit guda. Batirin ƙaramar mota duka-duka abin da ke cikinsa bai kai haka ba, kuma ba a ƙera shi don a tatse shi ƙaf ba. Aikinsa ya tayar da inji, altaneta ta mayar masa. Direban da ya kashe mota ya kwana a Tafa ko Mararrabar Jos ya bar firji a jone, da asuba zai sha ruwan sanyi, sannan ya nemi masu tura mota. Maganin abin sananne ne: batir na biyu na firjin shi kaɗai, na'urar da ke raba shi da na mota idan an kashe inji, waya mai kauri, da fis kusa da batir. Wanda ya sa rewaya ya ja masa siririyar waya daga ramin kunna sigari, wutar kan raunana kafin ta iso, firjin ya riƙa ɗaukewa, wayar ta yi zafi. An ga motocin da suka ƙone a kan abin da bai kai wannan ba. Faifan sola mai wat 100 kuma, a rana mai kyau, abin da zai tara bai fi rabin yunit ba, ƙurar hunturu da zafin rufin mota suna rage masa ƙarfi. Idan aka haɗa kuɗin firji da batir da faifai da aikin haɗawa, an sayi ƙanƙarar shekaru.

Sannan mutane da yawa ba su fahimci cewa firji kwashe zafi yake yi daga ciki ya zubar a waje ba. Idan aka binne shi tsakanin jakunkunan bakko da buhun shinkafa, zafin da ya fitar shi zai sake shaƙa. Yana buƙatar sarari kamar faɗin tafin hannu ta wajen ragar iskarsa, da inuwa, in da hali da 'yar fanka mai kora iska. Ya kamata kuma mai saye ya duƙa ya karanta takardar da ke manne a bayansa. Harafin N na nufin an yi shi don wurin da zafi bai wuce digiri 32 ba, ST digiri 38, T kuma 43. Da yawa daga na hannu da ake shigowa da su daga Turai na rukunin farko ne, an ƙera su don bazarar Jamus, ba ta Kaduna ba.

Mafi ban takaici shi ne 'yan akwatunan nan masu araha da ake jonawa a mota, marasa kwamfireso, masu fanka kawai a murfi. Abin da suke iyawa shi ne su sauko da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da zafin wurin da suke. A motar da ta kai digiri 45, cikinsu na wajen 25 zuwa 30, daidai inda ƙwayar cuta ta fi jin daɗi. Mai shi kuma hankalinsa kwance, tunda yana jin fanka na kuka. Kula mai ƙanƙara ta fi wannan gaskiya nesa ba kusa ba.

Firjin gas ko na kananzir, wanda ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro a 1922, ya yi wa ƙananan asibitocin karkara aiki shekara da shekaru, kuma har yau ana samun sa a cikin ɗakunan da Turawa ke ja da mota. Amma yana son a ajiye shi daidai ba karkace ba, yana gajiya idan zafi ya tsananta, kuma harshen wuta ne ke ci a bayansa. Babu mai hankalin da zai shiga gidan mai da shi a kunne. A kan wannan kam ɓangarorin biyu ba su da saɓani.

Wurin da kowannensu ke jin kunya shi ne magani. Yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake son su. Zafi na kashe su, amma daskarewa ma na kashe wasu, irin su ta ciwon hanta da ta sarƙe-haƙora da mai haɗin biyar da ake yi wa jarirai. Haka allurar insulin. Ɗan da ya ɗora kwalbar mahaifinsa kai tsaye a kan dunƙulen ƙanƙara don tsabar kulawa, yana iya lalata ta. Haka wanda ya murɗe firjin mota zuwa ƙarshe. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan rigakafi su fito da robobin ƙanƙara su bar su a kan tebur har sai sun yi gumi, an girgiza an ji ruwa na motsi, kafin a jera su. A jikin kwalbar ɗigon shan inna kuma akwai ɗan murabba'i fari a cikin da'ira, wanda ke yin duhu gwargwadon zafin da ya sha. Idan launinsa ya kamo na da'irar, an zubar, ko akwatin na da sanyi ko babu. Mai kunu da mai kifi ba su da irin wannan shaida. Tafin hannu suke sawa su ce da sanyi, alhali ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan zai gaya musu ko suna ƙasa da digiri 5.

Abin lura, firjin sola na zamani da ake kafawa a cibiyoyin lafiya na matakin farko ba shi da batir ko ɗaya. Da rana faifai ke juya injinsa kai tsaye, ya daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, da dare wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyin. Injiniyoyin da suka ƙera shi sun gaji da mutuwar batir ne, suka koma wa abin da mai kunun aya ta sani. Matafiyin da ke da firji zai iya kwaikwayon wannan da robobin ruwa huɗu ko biyar da suka kwana a firiza: a jera su a ciki, injin ya samu hutu, idan fis ya ƙone a Kwanar Farakwai kuma kaya ba su lalace ba.

Kakanni dai ba su shiga wannan gardama ba sam. Naman layya soya shi ake yi har ya bushe a mai, ko a yi dambu, ko kilishi, ya je Legas ya dawo ba abin da ya same shi. Kifin Baga banda ake yi masa. Tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa malami Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci lambar Rolex a 2000, tana ƙara wa gauta da tumatir kwanaki a lokacin rani. Kafin mutum ya sayi ƙanƙara ko batir, yana da kyau ya tambayi kansa ko dole ne naman nan ya yi tafiya ɗanye. Sai dai madara da yogot da magani ba a yi musu banda.

Idan aka auna, mafi yawan masu tashi daga Kawo da Mando tafiyar wuni guda suke yi, Zariya, Kano, Katsina, Jos, Abuja, kuma ba kullum ba. Su kam ƙanƙara ta fi musu, da sharaɗin a kashe kuɗi a kan akwati mai kaurin soso da murfi mai kamawa, a kuma ƙara ƙanƙarar da za ta ɗauki jinkirin hanya. Mai jigilar daskararrun kaya kullum, da direban da ke kwana uku tsakanin Kaduna da Fatakwal, da mai ɗaukar magani mai tsada, su ne firji zai biya wa kuɗinsa, idan sun yarda su sayi batir na biyu kuma su bar wa injin iska. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na mai ɗan hali da ya sayi rabin tsari, firji ba batir, ko akwatin fanka, ya yar da kularsa.

Abin da ɓangarorin biyu suka rasa kuwa a tasha yake. Tun 2015 kamfanin ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu yake kafa ɗakunan sanyi masu aiki da sola a kasuwanni, manomi ko ɗan kasuwa ya biya kuɗin kwando na kwana guda. Irin wannan, da injin ƙanƙara mai amfani da ruwa mai tsabta, zai zauna daram a Kawo da Mando da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, sannan a Tafa da Mararrabar Jos inda manyan motoci ke kwana, ta yadda mai kula zai sabunta ƙanƙararsa a tsakiyar hanya, mai firji ya samu inda zai yi caji. Rana dai akwai ta, masu saye ma ba sai an yi shela ba. Abin da zai ci lokaci shi ne a daidaita tsakanin ƙungiyar direbobi da ƙaramar hukuma da mai zuba jari a kan wanda zai ba da fili, wanda zai karɓi kuɗi, da wanda zai riƙa hawa yana goge ƙurar faifan duk safiya.